Abin da Kankare Ya Rufe: Hali da Amana a Kwangilar Manyan Gine-gine

Ranar zuba dakin, wato kankaren da ke raba hawa da hawa, a babban gini tana da wani ɗan lokaci da ba kowa ke lura da shi ba. Masu ɗaurin rodi sun gama, kafintoci sun tokare katako, injiniya ya zagaya ya duba ya sa hannu ya koma ofis. Motar kankare ta iso a makare, rana ta take, kwaɓin ya fara kamewa. Leburori suna ta ƙorafi ba ya bazuwa, ba ya shiga tsakanin roduna. Sai ɗaya daga cikinsu ya jawo tiyo ya dubi foman ya ce, "Oga, a ɗan ba shi ruwa?" Idan foman ya gyaɗa kai, cikin minti biyu kwaɓin zai saki, aiki ya yi sauri, kowa ya tashi da wuri. Idan ya ce a'a, sai dai a mayar da motar, a yi asarar kuɗinta, a jira wata, shi kuma ya shirya amsar da zai ba maigidansa da yamma.

Ƙarfin kankare ya rataya ne a kan awon ruwa da siminti. Siminti yana shan iya abin da yake buƙata, rarar kuwa ta bushe ta bar ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ƙarfi ke raguwa, ta nan kuma danshi ke bi ya kai ga rodi. Domin kama irin wannan ne ake ɗibar samfuri a zuba a ƙananan akwatuna masu faɗin santimita 15, a kai ɗakin gwaji a murƙushe bayan kwana 7 da kuma kwana 28. To amma idan an ɗebi samfurin kafin a jawo tiyo, takarda za ta fito fes, hatimi da sa hannu duk a kai, alhali abin da aka gwada daban, abin da ke saman kan mutane daban.

Wannan shi ne abin da ya bambanta kwangilar gini da yawancin ciniki. Mai sayen mota yana iya tuƙa ta, mai sayen tufa yana iya shafa ta ya ɗaga ta a rana. Wanda zai ba da kwangilar otal, ko asibiti, ko rukunin shaguna, ranar da ya sa hannu babu komai a ƙasa sai fili da zane. Malaman fiƙihu sun daɗe da lura da wannan, har suka ware masa babi da sunan istisna'i, wato cinikin abin da za a ƙera wanda bai samu ba tukuna. Sannan ga shi aikin gini kowane mataki binne na bayansa yake yi. Ƙasa ta rufe harsashi, kankare ya rufe rodi, shafe ya rufe bulo da bututun ruwa da wayar wuta, silin ya rufe abin da ya rage, fenti ya zo ya yi wa kowa ado. Ranar miƙa mukulli, abin da mai gini ke iya gani da idonsa shi ne mafi ƙarancin muhimmanci a cikin abin da ya biya. Saboda haka a ganina, abu na farko da ake saye a wurin ɗan kwangila halinsa ne, ginin daga baya yake zuwa.

Wani zai ce ai don haka aka yi takardun yarjejeniya da masu sa ido. Gaskiya ne, kuma ba na raina su. Ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, FIDIC, wadda aka kafa a 1913, tun 1957 take fitar da samfurin yarjejeniyar gini da ƙasashe da dama ke aiki da shi. Akwai kuɗin riƙo, galibi kashi 5 cikin 100 na kowane biya, wanda ake sakin rabinsa idan an gama aiki, sauran kuma bayan wa'adin gyaran kurakurai, yawanci wata 12. Akwai takardar lamuni daga banki. Duk waɗannan suna da amfani, sai dai a duba iyakarsu. Injiniya ɗaya ba zai tsaya a kan kowane ginshiƙi ba, duba yake yi nan da can ya ƙaddara sauran haka suke. Wata 12 kuma sun isa a ga rufin da ke yoyo da ƙofar da ta ƙi rufuwa, amma rodin da aka kwantar dab da katako ba tare da tazarar da zane ya ce ba, wadda galibi take tsakanin milimita 25 zuwa 50, yana iya yin shekara goma ko fiye kafin tsatsa ta kumbura shi ta fasa kankaren daga ciki. A lokacin an daɗe da biyan kuɗin riƙo, wataƙila kamfanin ma ya sauya suna. Faransa ta gane wannan giɓi, shi ya sa dokarta ta ɗora wa mai gini alhakin shekara 10 a kan duk aibin da ya taɓa ƙarfin ginin, kuma tun daga dokar 1978 ta wajabta masa inshora a kai. Mutanen da can da zafi suka ɗauki abin. A dokokin Hammurabi, sarkin Babila, kusan shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, maginin da gidan da ya gina ya rufta ya kashe mai gida, kashe shi ake yi. Dukansu biyu hukunci ne bayan ɓarna ta auku. Babu wanda ya isa ya tsaya tsakanin foman da tiyo a wancan minti biyun.

Ha'incin da ke bayyana a filin aiki, sau da yawa tun a teburin neman kwangila aka ɗauki cikinsa. Inda ƙa'ida ta ce wanda ya fi kowa araha shi ke ci, akwai masu sa farashin da su kansu sun san ba zai yi aikin ba. Lissafinsu shi ne a fara shiga tukuna. Da zarar an haƙa rami an zuba harsashi, mai gini ya shiga hannu, korar ɗan kwangila a tsakiyar aiki ta fi ci gaba da shi tsada. Daga nan sai takardun neman ƙari su fara zuwa: zane bai fayyace kaza ba, ƙasar ba yadda aka ce take ba, an jinkirta mana amsa. Wasu daga cikin irin waɗannan buƙatu halal ne tsantsa, domin babu babban aikin da ake gamawa ba a sauya komai ba, kuma ɗan kwangila ba bawa ba ne da zai yi ƙarin aiki kyauta. Inda hali ke shigowa shi ne mutum ya ga kuskure a zane tun lokacin da yake lissafin farashi, ya yi shiru da gangan, ya ajiye shi a aljihu sai an sa hannu ya fito da shi ya sa masa kuɗi. Babu dokar da ya karya. Amma duk wanda ya taɓa zama a ɗaya gefen teburin ya san an ci amanarsa.

Akwai kuma haɗa baki. A 2009 hukumar kula da adalcin ciniki ta Birtaniya ta ci tarar kamfanonin gini 103 sama da fam miliyan 129, kodayake an rage wa wasu bayan ɗaukaka ƙara. Babban laifin shi ne kamfanin da ba ya son aiki ya kira abokin hamayyarsa ya ce a faɗa masa farashin da zai rubuta don ya faɗi, sai mai ba da aiki ya ga kamar gasa aka yi. Da yawansu sun ɗauki abin al'adar sana'a ce kawai, kuma wannan ya fi tarar tayar mini da hankali. Na Odebrecht kuwa, katafaren kamfanin gini na Brazil, ya wuce nan. A Disambar 2016 ya amsa a gaban kotun Amurka cewa ya ba da cin hancin kusan dala miliyan 788 a ƙasashe 12, har yana da sashe na musamman a cikin kamfanin da ba shi da wani aiki sai wannan. Kuɗin toshiyar baki ba daga sama suke faɗowa ba. Ko dai a kumbura farashi, ko a zare su daga cikin ginin, ko duka biyun.

Sai dai zalunci ne a ɗora wa ɗan kwangila laifin duka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sau da yawa mai ginin ne ke fara tsaga shi. Labarin babban kantin Sampoong da ke Seoul a Koriya ta Kudu ya isa a tsaya a kansa. An fara aikin a 1987 a kan zanen bene mai hawa huɗu. Ana cikin aiki shugaban kamfanin da ya mallaki ginin, Lee Joon, ya sauya shawara ya mayar da ginin babban kanti, abin da ya buƙaci a cire wasu ginshiƙai don a sa matakala mai tafiya da kanta. Kamfanin da ke aikin ya ƙi. Sai ya sallame shi ya ba kamfaninsa na gini. Daga baya ya ce a ƙara hawa na biyar, wani kamfanin ya gargaɗe shi cewa ginin ba zai ɗauka ba, shi ma ya rasa aikin. Ginshiƙan da ya kamata kaurinsu ya kai santimita 80 aka yi su 60, rodin cikinsu kuma bai kai adadin da ake buƙata ba. Aka ɗora manyan na'urorin sanyaya ɗaki a rufin, da maƙwabta suka yi ƙorafin ƙara sai aka ja su a kan rufin zuwa ɗaya gefen maimakon a ɗaga su da kuren, suka bar tsaga a bayansu. Jami'an da ya kamata su hana, an ba su na goro sun sa hannu. Ranar 29 ga Yunin 1995 tsagar ta buɗe ƙarara tun da safe. Aka rufe hawa na sama, aka kashe na'urorin, amma aka bar kantin cike da masu sayayya don kada a rasa cinikin ranar. Da yamma ginin ya rufta cikin daƙiƙoƙi, mutum 502 suka mutu. Lee Joon ya samu ɗaurin shekara goma da rabi, aka rage zuwa bakwai da rabi.

Abin da ke tsaya mini a rai a wannan labari waɗancan kamfanoni ne da suka ce a'a. Ranar da aka sallame su, a idon kasuwa su ne suka yi asara, an ƙwace musu babban aiki, wataƙila har da masu cewa taurin kai ya ja musu. Ƙin da suka yi bai ceci ran kowa ba, tunda an samu wanda ya yi. Duk da haka da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma da a ce na uku da na huɗu ma sun ƙi, da babu hawa na biyar. Mai kuɗin da ke neman wanda zai gina masa abin da bai dace ba, ƙarfinsa duka yana ga tabbacin da yake da shi cewa idan wannan ya ƙi, wancan zai karɓa.

Akwai wani ɓangaren amana da ba a cika kawo shi cikin wannan zance ba, shi ne yadda kuɗi ke gangarowa ƙasa. A babban aiki, kamfanin da sunansa ke jikin allo ba shi ke yin yawancin aikin da hannunsa ba. Masu wuta, masu famfo, masu rufi, masu gilashi, masu tayil, ƙananan kamfanoni ne da ya raba wa. Su ke sayen kaya da kuɗinsu, su biya ma'aikata duk mako, sannan su zauna jiran a biya su. Babban kamfanin da ya karɓi kuɗi daga mai gini ya riƙe, jari yake yi da guminsu. Carillion, wanda a lokacinsa shi ne na biyu a girma cikin kamfanonin gini na Birtaniya, ya mayar da wa'adin biyan masu yi masa aiki kwana 120. Da ya durƙushe a Janairun 2018, ana bin sa abin da ya kusa fam biliyan 7, a asusunsa kuwa fam miliyan 29 kacal. Masu kawo kaya da ƙananan 'yan kwangila kusan 30,000 suka tashi da bashin da yawancinsu ba su sake ganin komai a ciki ba. Sabon asibitin Royal Liverpool da yake ginawa, wanda aka tsara buɗewa a 2017, an tarar da tsaga a manyan bim ɗinsa, wato kwantattun ginshiƙan da ke ɗauke da dakin, sai a 2022 aka buɗe shi. Haɗin da ke tsakanin waɗannan abubuwa biyu a fili yake. Mai wayar wutar da aka matse masa farashi bayan an ci kwangila da lissafinsa, sannan aka riƙe masa kuɗi wata huɗu, a ina ake so ya rage asara? Zai rage ta a cikin bango, inda ba mai gani. Ba na wanke shi, amma wanda ya matse shi yana da kaso a laifin.

Ba kuma kowace ɓarna ce ta sata ba. Wata ta sakaci ce, kuma sakaci ma hali ne. A otal ɗin Hyatt Regency na Kansas City a Amurka, an rataye hanyoyin tafiya biyu a sararin zauren, ɗaya a saman ɗaya. Zanen farko ya ce sandar ƙarfe ɗaya doguwa ta riƙe duka biyun. Masu ƙera ƙarfen suka ga hakan zai yi wuyar haɗawa, suka kawo shawarar a raba ta biyu, ta ƙasa ta rataya a jikin ta sama. A takarda ƙaramin gyara ne, a zahiri ya ninka nauyin da ke kan mahaɗar sama. Aka buga hatimin amincewa ba tare da wani ya zauna ya sake lissafi ba, kowane ɓangare yana ganin aikin ɗayan ne. Ranar 17 ga Yulin 1981 hanyoyin suka faɗo kan masu biki, mutum 114 suka rasu, injiniyoyin suka rasa lasisinsu. Irin wannan tura wa juna alhaki ya sake bayyana a binciken gobarar benen Grenfell na Landan ta 2017, inda mutum 72 suka mutu bayan an sauya kayan lulluɓe bangon zuwa masu araha don rage kusan fam 293,000. Sa hannu a kan abin da ba ka karanta ba shaidar zur ce, ko da ba ka ci sisi ba.

To yaya amana take idan ta zo da tsada? A 1978, shekara guda da kammala benen Citicorp mai hawa 59 a New York, wata tambaya da aka yi a kan ginin ta sa injiniyan da ya tsara ƙarfin ginin, William LeMessurier, ya koma kan lissafinsa. Ya gano cewa lokacin aiki an haɗa manyan ƙarafan da kusoshi masu noti maimakon walda, don rage kuɗi, kuma ofishinsa ne ya amince. A lissafinsa, iska mai ƙarfi da ta bugo daga kusurwa tana iya kayar da ginin. An biya shi, an yaba masa, mutane sun tare, kuma babu wanda ya san da matsalar sai shi. Ya tashi da ƙafarsa ya je ya faɗa wa masu ginin, yana sane cewa hakan na iya cinye sunansa da dukiyarsa. Aka shafe makonni ana walda faifan ƙarfe a kan mahaɗu sama da 200 da daddare, bayan ma'aikatan ofis sun tashi. Labarin ba shi da tsabta gaba ɗaya, domin an ɓoye wa jama'ar unguwar girman haɗarin, sai a 1995 ya fito fili, kuma daga baya wasu masu bincike sun ce haɗarin bai kai yadda ya lissafa ba. Wannan bai rage komai daga abin da ya yi ba, tunda da abin da ya sani a ranar ya yi aiki. Ƙaramin irinsa yana faruwa a kowane filin gini: ɗan kwangila ya cire katako ya tarar ginshiƙi ya fito da ramuka kamar saƙar zuma, rodi a waje. Yana iya sa birkila ya shafe shi kafin injiniya ya iso, minti talatin ya isa. Yana kuma iya ɗaga waya ya ce, "Injiniya, zo ka ga abin da ya fito mana," ya san ana iya cewa a fasa a sake da kuɗinsa.

Ba zan yi wa kowa alkawarin cewa mai gaskiya kullum shi ke cin riba ba. Yana rasa ayyuka, domin farashinsa ya ƙunshi rodin da zane ya ce, da hular kwano da igiyar tsaro na ma'aikata, da kwanakin da za a yi ana ba kankare ruwa bayan an zuba. Wanda ya zare waɗannan daga lissafi dole ya fi shi araha. Idan masu ba da aiki ba sa duban komai sai adadin da ke layin ƙarshe, to da hannunsu suke korar na kirki daga kasuwa. Shi ya sa dokokin ba da kwangila na Tarayyar Turai suka tilasta wa hukuma ta nemi bayani idan farashi ya yi ƙasa fiye da hankali, kuma suka ba ta damar auna inganci tare da kuɗi. Araha ba ta ado, a gini kuwa tana iya kisa.

Mai gini da ke son ɗan kwangila mai amana, akwai abin da ke kansa. Ya kammala zane kafin ya kira masu farashi, ya biya a kan lokaci, ya bar injiniyan sa ido ya ci gashin kansa, kada albashinsa ko motarsa su fito daga aljihun wanda yake dubawa. Ɗan kwangilar kirki ba ya jin haushin a duba aikinsa, ya san gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ke son a zuba kankare da daddare ko ranar hutu, kullum sai lokacin da injiniya ba ya nan, ya riga ya gaya maka wani abu game da kansa.

Kafin a sa hannu kuma, ana iya sanin hali fiye da yadda ake zato, sai dai ba a cikin kundin hotunan da kamfani ke rabawa ba. Hoton gini ranar buɗewa kowa nasa kyakkyawa ne. A nemi wanda ya gina shekara goma da suka wuce, a je bayan an sha ruwan sama, a sauka ƙasan bene inda ake ajiye motoci, a ɗaga kai a dubi dakin ko akwai jan zanen tsatsa, a shiga ɗakin mitoci a ga yadda aka jera wayoyi inda baƙo ba ya zuwa. A tambayi mai kula da ginin ko kamfanin ya dawo da aka kira shi bayan an gama biyansa. Sannan a nemo mai famfo ko mai wutar da ya yi masa aiki a can, a zauna da shi ba a gaban kowa ba, a tambaye shi kwana nawa ya yi yana jiran kuɗinsa na ƙarshe, kuma idan an sake kiransa gobe zai je ko ba zai je ba.